Buhun ƙyallaye daga shagon tela

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah na je karɓo ɗinkin yara. Kun san halin mutanen namu, ba sai na faɗa ba. "Hajiya, wallahi hannun riga ɗaya ya rage, ɗan zauna minti goma." Minti goman nan ita ta kai ni har kiran la'asar, ga azumi, ga zafin Kano, ga janareton mai askin da ke maƙwabtaka da shi yana ta ɓaɓatu a kunnena.

Ina zaune a kan benci, ƙafata ta nutse cikin ƙyallaye har idon sawu. Can sai yaron shagon ya zo da tsintsiya yana tura su cikin buhu: atamfa, shadda, guntun leshi, yadin maza, shafi mai santsi, duk a cakuɗe da zare da ƙura. Na tambaye shi ina za a kai. Ya ce bola, in kuma ba su samu almajirin da zai ɗauka ba, su cinna musu wuta da daddare a bayan shago. Na sunkuya na tsinci wani ƙyalle, Holan ce shuɗiya, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Irin atamfar da ban taɓa sayen turminta da kuɗina ba.

Na ce, "Malam, in ba kwa so, ni ina so."

Ya ɗago daga kan keke ya dube ni ta saman tabarau. "Hajiya, shara ce fa."

"Na ji. A sa mini a Adaidaita."

Da maigidan ya dawo ya ga buhu cike a jingine a tsakar gida, sai fuskarsa ta washe, ya zaci wani ɗan albarka ne ya aiko da shinkafar Sallah. Ya kwance bakin, ya leƙa, ya mayar ya ɗaure. "Allah ya kyauta." Abin da ya ce ke nan ya shige ɗaki.

Ni ba tela ba ce. Ina da keken Butterfly da aka sa mini a kayan ɗaki, abin da na iya da shi bai wuce miƙaƙƙen ɗinki da kalmasa ba. Amma a hannun Goggo na tashi, ita kuwa ban taɓa ganin ta yar da tsumma ba. Zani in ya kwana biyu ya koma majanyi. Majanyi ya gaji ya koma gammo. Gammo ya tsinke ya koma abin sauke tukunya, abin da ya rage kuma a murza shi ya zama lagwanin aci-bal-bal. Mu kanmu muna 'yan mata shagon tela muke zuwa roƙon ƙyalle don mu yi wa 'yar tsana kayan lefe, yayyenmu maza kuma su ƙulla ƙwallon tsumma. Saboda haka buhun nan bai zame mini baƙon abu ba. Mantawa kawai na yi na shekara ashirin da wani abu.

Magana ɗaya sai da na warware ta da telan kafin hankalina ya kwanta. Turmin atamfa yadi shida ne. In an fitar da riga da siket da ɗankwali, wani lokacin har rabin yadi yana raguwa, wannan kuwa haƙƙin mai kaya ne, ba na tela ba, balle ni. Ya ce shi manyan yana naɗewa ya sa wa kowa a ledarsa, abin da yake zubarwa a ƙasa shi ne wanda ba mai waiwayarsa. To, a kan haka muka tsaya. Duk da haka in na ci karo da wanda ya yi mini girma a ido nakan mayar masa, ya san mai shi.

Abu na farko da na yi, abin sauke tukunya ne, kuma shi ya fara koya mini hankali. Na zaɓi wata atamfa mai ruwan goro da ta fi kowacce ƙyalli, na ninka huɗu, na cusa guntun shafi a ciki, na ɗinke. Ya yi kyau har na ɗauke shi hoto. Ranar da na kama kunnen tukunyar miya da shi, sai na ji wari kamar an jefa leda a murhu, kafin na ankara ya narke ya manne a kunnen tukunyar da babban yatsana. Kwana huɗu ina yawo da bororo.

Laifina ne, don ban bambance auduga da roba ba. Iyayenmu ba su sha wannan wahalar sosai ba, lokacin masaƙun Kakuri a Kaduna da na nan Kano suna aiki, atamfa in an ce atamfa to auduga ce. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki tun 1957, masaƙar UNTL kuma da ta fi su girma ta rufe ƙofa a 2007. Yau ki shiga Kantin Kwari, mafi yawan abin da ke jibge daga Chaina yake, wata auduga zalla, wata gauraye, wata kuwa roba ce tsantsa da aka buga wa zanen atamfa. Ido ba ya rabe su, hannu ma yakan ruɗu saboda sitacin da ke jiki. Wuta ce ba a yi mata ƙarya. Ki yanki ɗan siriri, ki riƙe da filaya ko cokali mai yatsu a kan faranti, ki ƙyasta masa ashana. Auduga tana ci bal-bal, warinta irin na takarda, tokarta mai laushi ce, kina murzawa ta baje. Roba kuwa tana ganin wuta za ta takure, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar wani ɗan dunƙule mai tauri kamar dutsen ado. Mai gauraye tana yin duka biyun. Shadda mai kyau, irin gezna da ake kawowa daga Ostiriya, auduga ce. Shafi da yawancin leshi mai araha da yadin hijabi roba ne. Duk abin da zai kusanci wuta ko tukunya, in bai ci wannan jarrabawar ba ba na sa shi.

Bayan nan sai wanki. Na jiƙa su kashi-kashi, ja da shuɗi mai duhu daban, don su ne sarakan zuba. An ce mini a zuba gishiri a ruwan yana kama launi. Na zuba, wadda za ta zuba sai da ta zuba. Amfanin wankin dai uku ne: ƙurar shago ta fita, sitaci ya fita, wadda za ta ƙanƙance ta ƙanƙance tun yanzu, ba sai an gama ɗinki ta tattare aikin ba. Na shanya, na goge, na raba gida uku a manyan ledoji: masu faɗin littafi, masu faɗin tafin hannu, sai ɓarɓashi. Ɓarɓashin nan kada ki raina shi, za mu dawo kansa.

Wanda na fi ba mutane shawara su fara da shi shi ne abin goge ƙafa na bakin ƙofa, don ba ya bukatar keke, ba ya bukatar iya ɗinki, sai dai haƙuri. Ki samu buhun algarara, irin wanda aka riƙa jera dalar gyaɗa da shi a garin nan. Ni wajen masu albasa a kasuwar 'Yankaba na samu nawa, sai da na wanke shi sau biyu kafin warin ya bar shi. Buhun shinkafa na roba ma yana yi, sai dai yana da santsi, kuma in rana ta daɗe tana dukansa ruɓewa yake ya zama gari. Na yanka inci 26 da 18, na ninke gefen inci ɗaya-ɗaya na bi shi da basilla da zare mai ƙwari, in ba haka ba kina aiki yana warwarewa. Ya koma 24 da 16, daidai bakin ƙofar falo.

Ƙyallayen kuma ana yanka su inci huɗu a tsawo, ɗaya a faɗi. Ranar farko ɗaya bayan ɗaya na riƙa aunawa ina yankawa, har almakashi ya yi mini kanta. Daga baya dabara ta zo: in yanka dogon siriri, in naɗa shi a jikin kwali mai faɗin inci biyu, in zura almakashi ta gefe ɗaya in datse. Gaba ɗaya su zubo tsawonsu ɗaya.

Abin hudawa, kibiyar tsifa na ɗauka na ɗan goge bakinta a siminti don kada ta tsinka zaren buhun. Daga bayan buhu ake aiki. Ki buɗa rami tsakanin zare da zare, ki tura kan ƙyallen, ki tsallake zare uku ko huɗu, ki buɗa wani ramin ki tura ɗaya kan. Ɗaya hannun yana ƙasa yana jawowa har kunnuwan biyu su daidaita. Na gaba ki fara shi a ramin da na baya ya ƙare. A algarara ba a ƙulli, matsin da suke yi wa juna shi ke riƙe su, yadda gashi ke riƙe juna a kitso. A buhun roba kuwa dole ki ƙulla sau ɗaya, in ba haka ba yaro na ja zai zare. Na fara da zagaye gefen da baƙi, na tsofaffin rigunan ƙwallon yarana, sannan na shiga ciki da launi yadda ya zo hannu. Tsohuwar riga mai miƙewa ta fi komai daɗin wannan aiki, ba ta zubar da zare kuma tana shan ruwa. Atamfa tana zubarwa, sai in kin yanka ta a karkace, ba bin tsawon zaren ba.

Sati biyu na yi ina yi bayan isha'i, rediyo na gefe. Kuma yana cin ƙyalle fiye da yadda kike zato, wannan ɗan abin ya lashe kusan rabin ledar matsakaita. Da na juya shi na karkaɗe, ya tashi luf-luf kamar bayan tunkiya.

Kwana biyu da shimfiɗa shi, Hajiyar gidan da ke kallon namu ta shigo barka da Sallah, ko da yake Sallar ta yi nisa. Ta yi sallama, ta cire takalmi, ta ɗaga ƙafa za ta taka, sai ta tsaya cak.

"Ke 'yar nan, wannan koren ba ankon bikin jikata ba ne?"

Na duba. Shi ne kuwa. Telanmu ɗaya.

"Shi ne za ki shimfiɗa mana a ƙofa kowa ya zo ya taka?"

Na ce, "Hajiya, ai mata sun fi arba'in da suka yi ankon nan, ba lallai naki ba ne."

Ba ta ce komai ba, ta tattare zani ta tsallake shi kamar mai tsallake kwata. Na so in yi dariya, amma da na zauna na ga ba abin dariya ba ne. Mutanenmu da yawa ba sa son ƙyallen kayan da suke sawa ya faɗa hannun wani, wasu don tsoron sammu, wasu kuwa kawai ba sa son ganin abin da suka yi kwalliya da shi a ƙarƙashin ƙafa. Ni ban ɗauki na farkon da nauyi ba, amma zaman maƙwabtaka ya fi abin goge ƙafa. Da daddare na bi koren nan ɗaya bayan ɗaya na zare, na cike gurbin da tsohon zanin gadona. Daɗin wannan saƙar ke nan, ana cirewa a mayar ba a ga tabo ba. Tun daga ranar, abin da za a taka daga tsofaffin kayan gidana nake yin sa. Kuma ina duba buhu da ƙyalle da kyau, duk mai rubutun Larabci ba ya zuwa ƙasa. Akwai kuma atamfar kamfen ta zaɓen 2023 da na tarar a buhun, mai fuskar wani ɗan takara. Ita kam na daɗe ina shawara da zuciyata, daga ƙarshe na tausaya masa na yi cikon matashi da shi.

Na gwada shimfiɗar ƙofa ta kitso ma. A yanka dogaye, a yi musu kitson uku, a naɗe kamar faifai ana bi da allura ana haɗawa. Sirrinta ɗaya ne, a ƙasa ake ɗinkawa, a shimfiɗe, kuma a riƙa sassauta naɗin. Ni a cinya na ɗora tawa ina ja da ƙarfi, sai ga shi ta tashi kamar malfa. Yanzu a ciki nake zuba maƙalan shanya.

Sauran ƙananan ba su da wani dogon labari. Gwangwanin madara, a daddanne bakin da bayan cokali ko filaya don kada ya yanki yaro, a shafa farin gam irin na kafintoci, a naɗa atamfa da ta ɗara shi tsawo da inci ɗaya, a tura rarar ciki. Ga mazubin biro, ga na cokula, ga na tsinken sakace. Kada dai ki yi rowar gam ki dama fulawa kamar yadda na yi, kyankyasai sun yi walima a kai cikin sati ɗaya. Mafici, kwali biyu a manne da ɗan itace a tsakiya, a lulluɓe da shadda, a bi gefen da ɗinkin hannu. A watan Afrilu in an ɗauke wuta za ki yi mini addu'a. Ribom na kama gashi, ƙyalle inci 18 da 4, roba inci 8, 'yata mai shekara goma sha ɗaya ita take yinsu yanzu, ƙawayenta sun hana ta sakat. Jakar Islamiyya kuma daga ƙafar tsohon wandon jins: a yanke daga gwiwa, a juya a ɗinke ƙasan, a ɓanɓaro aljihun baya a manna a gaba, a yi maratayi da ɗaya ƙafar. Allura lamba 14 da ake ɗinkin atamfa da ita karyewa take a nan, sai 16 ko 18. In kin zo wajen da ɗinki ya yi kauri, ki fara bubbuga shi da guduma ya kwanta, sannan ki sauke ƙafa daga feda ki juya keken da hannu. Allura uku na karya kafin na yarda.

Amma abin da ya sa maigidan ya daina cewa "Allah ya kyauta" shi ne jakar wake.

Tun 2023 da aka cire tallafin mai, naira kuma ta faɗi, kowace mace ta san yadda cika tukunyar gas ya koma. Gawayi ma ya bi sahu. A gidana kuwa babban mai shan wuta shi ne wake, don yarana in ba garau-garau to ba a yi abincin rana ba. Awa ɗaya da rabi yana kan wuta, ko da an jefa kanwa. Wata rana ina duba waya na ga wata jaka kamar kabewa da ake kira Wonderbag, wata mata 'yar Afirka ta Kudu, Sarah Collins, ta fito da ita a 2008 lokacin da ake yawan ɗauke musu wuta. A tafasa abinci, a sauke, a sa tukunyar a ciki a ɗaure, ya ƙarasa dahuwa da kansa. Dabarar ma ta girme ta nesa ba kusa ba, Turawa sun yi ta da akwati da busasshiyar ciyawa a lokacin yaƙin duniya da makamashi ya yi wuya. Da na gani sai na tuna Goggo tana lulluɓe ƙwaryar tuwo da tsummokara ta tura ƙarƙashin gado, Baba ya dawo daga kasuwa bayan isha'i ya same shi da ɗumi.

Hikimar ba ta da wuya. Ruwa in ya tafasa ya kai iyakarsa, digiri 100, duk wutar da kika ƙara ba ta ƙara masa zafi, cike gurbin wanda iska ke kwashewa kawai take yi. Wake kuwa ba sai ana ɓararraka yake nuna ba, in zafin ya tsaya kusa da haka na tsawon lokaci zai yi laushi. Aikinki shi ne ki toshe wa zafin hanyar gudu. Abin da ke toshewa kuma ba tsumman ba ne shi kansa, iskar da ta maƙale a tsakankaninsa ce.

Ban yarda ba sai da na gwada da abin da ke gida. Na ɗauko kwandon wanki, na shimfiɗa tsohon bargo, na cika rigunan matashi biyu da ɓarɓashin nan da na ce kada ki raina. Wake ya tafasa minti ashirin, na sauke da murfinsa ban buɗe ba, na dasa a tsakiya, na cusa matashi ɗaya ya zagaye, ɗaya a sama, na ja bargon na rufe. Ƙarfe tara na safe ke nan. Na yi shara, na yi wanki, zuciyata na can. Sha biyu na buɗe. Tururi ya bugi fuskata, kunnen tukunyar ba ya taɓuwa. Na latsa ƙwaya ɗaya da yatsa ta baje. Na tsaya ni kaɗai a kicin ina cewa "ikon Allah".

In kin tsaya a kwando ma ya wadatar, ba sai kin ɗinka komai ba. Ni dai son kyau ne ya ja ni. Na haɗa manyan ƙyallayen atamfa ɗaya bayan ɗaya har suka yi faɗin zani, wannan shi ne na waje. Na ciki kuwa tsohuwar shaddar maigidan ce, don shi ke taɓa tukunya, dole ya zama auduga. Na ɗaura alli a bakin zare mai tsawon inci 20, 'yata ta danne ɗaya bakin a tsakiya, na zagaya, na fitar da da'ira biyu masu faɗin inci 40. Na ɗora ɗaya kan ɗaya. A tsakiya na zana ƙaramar da'ira mai faɗin inci 12, mazaunin tukunya, na ɗinke na bar 'yar kafa, na cusa ciko na rufe. Daga nan na ja layi goma zuwa gefe, kamar yadda ɓangarorin lemo suke, kowane na tsaya saura inci uku. Aljihu goma ke nan. Na cika kowane, na bi bakinsu na rufe, inci ukun da ya rage na kalmashe ya zama ƙubaka, na zura zariya da na kitsa da tsohuwar riga. Kina jan zariyar sai gefen ya miƙe ya rungume tukunya. Sai ɗan matashi zagayayye mai faɗin inci 14 da ake ɗorawa a kan murfi kafin a tsuke.

Maganar ciko, ta farko da ɓarɓashin ƙyalle zalla na cika ta, kuma na danna shi sosai wai don ya fi riƙe zafi. Kuskure ne. Ta yi nauyi kamar yaron goye, ranar da miya ta zube a ciki na wanke kuwa kwana uku ba ta bushe ba. Ga shi dannawar ta kori iskar da ake nema. Ta biyu na je wajen masu katifa da kushin na karɓo ɓarɓashin soso, na gauraya da ƙyallen, na cika sako-sako. Ta fi sauƙi, ta fi riƙe zafi. Wadda take da audugar rimi a kusa, ita ma tana yi sosai. A nan ne kuma ƙyallayen roba suka samu aiki, tunda a ciki suke ba sa taɓa tukunya. Duk da haka ina shimfiɗa tsohon tawul ninki huɗu a ƙasa, in kuma daga kan gawayi na sauke sai na duba gindin tukunyar da kyau, kada ɗan garwashi ya biyo ta, sannan in naɗe ta da tsumma saboda baƙi.

Tana da sharuɗɗanta. Tukunya ta kusa cika, don 'yar kaɗan saurin hucewa take. Murfi ya zauna daram, tukunya mai gajeren kunne ta fi mai dogon hannu. A rage ruwa, tunda ba ya ƙonewa. Kuma ba a leƙe, duk buɗewa ɗaya kin zubar da abin da kika tara. Shinkafa ina ba ta minti biyar tana tafasa, awa ɗaya a jaka, ba ta taɓa kamawa, wanda hakan ya ɓata wa autana rai don shi ɗan ƙanzo ne. Ganda da ƙafar saniya rabin awa a wuta, awa huɗu a jaka. Tuwo ba ya yi, don yana son tuƙi. Suya ba ta yi. Miyar da ake so ta yi kauri sai an mayar da ita wuta ta ɗan tsotse.

Sai kashedi ɗaya da na biya kuɗinsa. Wata Asabar na sa shinkafa da wake da safe muka tafi suna Gwale, hira ta yi daɗi ba mu dawo ba sai bayan isha'i. Na buɗe na tarar da ɗumi-ɗumi, da ɗan tsami-tsami a hanci. Abinci in zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 60 ya zauna a haka, ya zama gidan ƙwayoyin cuta, jakar kuma riƙe shi take a daidai wannan ɗumin. Kaji suka ci rabonsu. Yanzu in ya wuce awa huɗu zuwa biyar, ko na taɓa na ji tukunyar ba ta ƙona hannu, sai na mayar wuta ya sake tafasa sosai kafin kowa ya ci. Na sahur ma haka nake masa.

Hajiyar maƙwabta ita ce ta fara aron jakar, ranar da ta yi baƙi daga Gumel. Ta juya ta ta duba ko'ina, ta ga koren ankon nan a gefe ɗaya, don can na mayar da manyansa. Wannan karon cewa ta yi, "Ai ka ga nan ya dace da shi."

Telan kuma yanzu buhu biyu yake ajiye mini, yaronsa ya iya rabewa, na auduga daban na roba daban. Ya ce wasu mata biyu sun fara zuwa tambaya, har ɗaya ta yi tayin kuɗi, amma ya ce musu akwai mai shi. Na san inda maganar ta dosa. Watan jiya da na je kai ɗinkin makaranta ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, wannan matashin mai dafa wake, uwargida ta ji labari. Ko za a taimaka mata da ɗaya?"

Na ce ba komai, ya kawo soso. Ya aiko da shi washegari, da sassafe. Ya turo yaro sau biyu tun daga lokacin. Shekaranjiya ya zo da kansa ya yi sallama a ƙofar gida, na leƙa ta bayan labule.

"Hajiya, ya maganar jakar nan?"

Na ce, "Malam, wallahi zariya kawai ta rage. Ka dawo jibi."